Ranar da Gaisuwa Ta Ka da Wanzamin Kucheri

Na tambayi Ɗantsoho wanzami abin da ya fi tsoro a kan hanyar Kucheri zuwa Tsafe, ina jiran ya ce tirela. A rumfarsa ta kasuwar Tsafe muke, inda nakan je in zauna in saurari bakin mutane saboda aikina na rubuta wasan rediyo. Yana wasa aska a kan fata, bai ko ɗago kai ba.

"Tirela? Mai tirela bai san ni ba. Ya hango tsoho bisa keke, ya buɗe, ya wuce da iskarsa. Wanda ya san ni, shi nike tsoro."

Na ce ban gane ba.

"Ai ba ka hawa keke," in ji shi. Ya kama kan mutumin da ke gabansa ya karkata shi, magana ta ƙare ke nan.

Sauran labarin ba daga bakinsa na same shi ba. Daga taubashinsa Labbo na ji, da kuma surukinsa Mu'azu, wanda yanzu shi da kansa yake ba da shi a tasha. Ɗantsoho kaɗai ne har yau bai taɓa faɗarsa ba.

Sunansa na yanka Abdulrasheed, amma babu mai kiransa haka. An haife shi mahaifinsa ya riga ya yi furfura ya fid da ran samun namiji, shi ya sa laƙabin ya bi shi. Daga tsohon ya gaji zabira, jakar fatar nan da wanzamai ke zuba aska da ƙaho a ciki, ya kuma gaji abin da ya fi zabira, wato gidaje. A wanzanci kowa da gidajensa. Gidan da ubanka ya yi wa aski kai za ka yi masa, da askin suna da kaciya da ƙaho duk naka ne, in kaka ta yi kuma a aiko maka da dami. Gidajen Ɗantsoho a warwatse suke, wasu a cikin Kucheri, wasu a ƙauyukan gefen hanya, wasu har cikin Tsafe. Abin da ya haɗa su shi ne baƙin kekensa, wanda ya saya shekarar da ya auri Shafa'atu, kuma ita takan ce ba ta san wanda ya fi wani daɗewa a gidan ba.

Da can bai cika hawa kwalta ba. Hanyoyin ƙafa yake bi ta cikin gonaki, ya ɓullo bayan gari. Amma a 'yan shekarun nan daji ya zama abin da ya zama, babu mai son ratsawa shi kaɗai, sai kowa ya dawo kan titi: mai keke, mai babur, mai amalanke, mai kora awaki. A nan ne Ɗantsoho ya gano cewa sanin mutane ma yana da nasa nauyi.

Kusan duk direban da ya tashi a wannan yanki ya bi ta ƙarƙashin askarsa. Wani shi ya yi masa askin suna, wani kaciya, wani duka biyun. Ta yaya irin wannan zai hango shi a hanya ya wuce bai gaishe shi ba? Sai dai gaisuwar tana da wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai da Labbo ya zaunar da ni a kujerar mota ya nuna mini. Direba a hagu yake zaune, mai keke kuwa yana gefen dama na titi. Duk direban da zai gaishe shi da baki sai ya kwanto ta kan fasinjan gaba, ya leƙo ta tagar dama. Jiki kuwa in ya kwanta dama, hannun da ke kan sitiyari binsa yake yi, motar ma ta bi hannun. Shi kuma mai keke ba a gaishe shi ya yi shiru, dole ya waiwayo, ya saki hannu ɗaya ya ɗaga. Ga gaisuwarmu ba gajera ba. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa, duk mota da keke suna tafe kafaɗa da kafaɗa.

A cikin masu gaisuwar babu kamar Mu'azu, mijin 'yarsa Bara'atu. Ƙaramar motar haya yake ja tsakanin Gusau da Funtuwa, suna zaune a Damba, bakin Gusau. Mutum ne mai kunya ƙwarai. In ya zo Kucheri tun daga ƙofar gida yake cire takalmi, ya durƙusa a zaure, idonsa a ƙasa har ya tafi. Farkon aurensu in ya gamu da surukinsa a hanya tsayawa yake yi, ya fito ya durƙusa a bakin titi. Yanzu kuwa da ya taɓa birki a wannan tsakanin fasinja za su taso masa, wa ke son a tsaya da shi a dokar daji? Sai ya koma rage gudu. Kuma da yake a ganinsa rashin ladabi ne mutum ya ɗaga wa surukinsa murya daga nesa, sai ya fi kowa matsowa, don ya yi gaisuwar a hankali.

Wata safiya ce cikin damina, an kwana ana ruwa. Ɗantsoho ya fito zai je Tsafe, zabira a rataye a kafaɗar hagu. Akwai wata kwalbati a hanyar inda ruwa ya cinye gefen kwalta, ya bar gaɓa mai kaifi, ƙasa kuma ta zurma. Daidai nan Mu'azu ya cim masa, motar cike, but a buɗe an ɗaure buhuna har sun rufe gilashin baya.

"Baba, barka da asuba. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

Ya ɗaga hannu. Madubin motar ya doki gwiwar hannunsa na hagu, ya shafi zabira. Mu'azu ya ji wani ɗan ƙara, ƙwas, ya ɗauka tsakuwa ce ta tashi. Ya gama gaisuwarsa, ya miƙe zaune, ya taka mota. Keken ya yi ta tangaɗi kamar zai daidaita, sannan tayar gaba ta zame daga kan gaɓar, Ɗantsoho ya tafi ta dama, kafaɗa ta fara isa ƙasa. Mu'azu bai ga komai ba, buhuna sun tare masa baya.

Masu noma a gonar gefen hanya ne suka ɗaga shi. Su sun ga faɗuwar, amma lokacin da suka ɗago kai titin fayau yake.

"Baba, mota ta buge ka?"

Ya dube su, ya dubi titi. "Kun ga mota nan?"

Ba su gani ba. Kafin azahar labari ya gama Kucheri cewa jiri ya ɗebi Ɗantsoho a kan keke, babu kowa kusa da shi.

Mai ɗori ya gyara kafaɗar, ta kuwa kama da wuri. Maganar jirin ce ba ta warke ba. Shafa'atu ta tura keken ɗakin ajiya ta kulle, ta ɗaure makullin a haɓar zane. Masu zuwa dubiya kowa da maganinsa na hawan jini. Wanda ya fi kowa damuwa kuwa Mu'azu ne. Ya zo da lemo da kankana, ya durƙusa a zaure.

"Baba, don Allah a haƙura da keken nan. Shekaru sun ja. Duk inda za a je, ni in zo in ɗauka."

"Allah shi yi albarka," in ji Ɗantsoho, yana kallon bango.

Daga bayan labule Shafa'atu ta ce, "Ka ji ko, Malam? Yaron nan ma ya fi ka tausayin kanka."

Me ya hana shi faɗa? Na yi wa Labbo wannan tambayar, ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake cin tuwo da dama. Mutumin da ko sunan mijin 'yarsa ba ya kamawa, sai dai ya ce yaron nan, shi ne zai buɗe baki ya ce yaron nan ya ka da ni? In ya faɗa, kunya ba za ta bar Mu'azu ya sake taka zauren ba. Ga Shafa'atu, mace ce mai kirki amma bakinta ba ya ajiya, maganar sai ta isa Damba da zafinta ta shiga tsakanin Bara'atu da mijinta. Ɗantsoho ya auna, ya zaɓi jirin.

Sai dai jiri ga wanzami ba ƙaramin abu ba ne. Wace uwa ce za ta miƙa kan jaririnta ɗan kwana bakwai ga mutumin da aka ce duniya tana juya masa? Aka yi suna a wani gida da mahaifinsa ya bar masa, sai ji ya yi an ɗauko wani wanzami daga Tsafe. Ranar bai ci tuwo ba. Sannan ga gidan Alhaji Isah, babban gidan da sauran ke kallo, matarsa ta kusa sauka. Mahaifiyar Alhajin, Inna Hussaina, wadda ita ke yanke irin wannan magana a gidan, ta aiko a gaishe shi da jiki, a kuma ce masa ya huta sosai, kada ya wahalar da kansa. Ɗantsoho ya fahimci saƙon. In wannan gida ya tafi, sauran binsa za su yi, zabirar ubansa ta koma abin rataye a ƙusa.

Ana cikin haka Labbo ya iso daga Bunguɗu. Shi ɗan ƙanwar mahaifin Ɗantsoho ne, tun suna yara kowa ke cewa ɗayan bawansa ne, har yau ba a raba gardamar ba. Ya ja babbar mota har gwiwoyinsa suka gaji, yanzu kamasho yake yi a wata tasha a Gusau, yana tara fasinja yana faɗa da direbobi. Tun daga waje aka ji muryarsa.

"Ina bawan nawa da anka ce ya koma rarrafe? Shafa'atu, da kin aiko mini da na saya masa keken guragu!"

"Shigo da ƙafarka mai ciwo, tsohon banza," in ji Ɗantsoho. Ranar ce aka fara jin dariyarsa tun faɗuwar.

Da suka rage su biyu Labbo ya sa shi ya tuɓe riga, wai yana son ya ga ko mai ɗorin bai haɗa kafaɗar da wuya ba. Ya duba dama. Sannan ya zagayo hagu ya tsaya.

"Ta wane gefe ka faɗi?"

"Dama."

"To mi ya kumbura gwiwar hannun hagu? Ko ƙasar ce ta zagayo ta rama?"

Ɗantsoho ya jawo rigarsa. Labbo ya ɗauko zabira daga ƙusa, ya juya ta, ya sa babban yatsa a kan wani dogon karce da ke jikin fatar.

"Na ja mota tun kana koyon yanke wa mutane kunne. Wanga aikin madubi ne. Wa ne?"

Ɗantsoho ya zura rigarsa.

"Shehu mai farar mota?"

"Ba shi ba ne."

"Mubarak ɗan gidan liman? Wannan ko raƙumi ya gani sai ya goge shi."

"Ba shi ba ne."

Labbo ya yi ta jero sunaye, Ɗantsoho yana kore su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Mu'azu?"

Ɗantsoho ya gyara zama, ya leƙa waje. "Bana kuna samun ruwa a Bunguɗu kuwa?"

Labbo ya daɗe yana kallonsa. Ya ce muna samu, alhamdu lillahi, gero har ya fara ciki. Can ya ce, "To ka zauna a kashe maka sana'a saboda kunya?"

"In ka faɗa masa, ban yafe ba."

"Ni? Mi ya haɗa ni da shi? Ko kalma ɗaya ba ni ce masa."

Bai kuwa ce masa ba. Abin da ya yi daban ne, kuma bai shawarci kowa ba. Da yake a tasha yake wuni, ya san ranar da motar Mu'azu ta kwana wurin bakanike, ya kuma san duk ranar da Mu'azu ba shi da aiki sai ya bi wata motar ya je duba surukinsa. Sai shi ma ya bayyana a Kucheri ranar, da hantsi. Ya tarar da Mu'azu a durƙushe a zaure, ya wuce shi ya tsaya a bakin labule.

"Shafa'atu, kawo makullin nan. Muddin keken na cikin gidan ga, mijinki ba ya daina kallon ƙofar ɗakin awa maraya. A kai shi Tsafe wurin mai gyara, in an samu mai saye a rabu da shi."

"Allah shi biya ka, Labbo! Abin da nike ta faɗa ke nan."

Ɗantsoho ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. "Labbo!"

"Zauna, bawa ba ya magana in ubangidansa na ciniki." Ya fito da keken, ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa ya daidaita kan, ya buga sirdin ƙura ta tashi. "Mu'azu, kai ka fi kowa son a rabu da shi, ga ka kuma yau ba ka da mota. Hau ka kai shi. Ina nan tafe bayanka."

Wannan ɓangaren Mu'azu ya fi kowa iya ba da shi, don haka ga shi yadda na ji daga bakinsa.

"Rabona da keke tun ina makaranta. Na hau, na ce wannan ai wasa ne. Ban yi nisa ba tirela ta wuce, iskarta ta ture ni sannan ta jawo ni, na ce to, haka abin yake? Amma ita ta ba ni fili. Sai ga Shehu. Ya hango ni, ya gane ni, sai na ji mota na shigowa jikina. Ya kwanto bisa cinyar fasinja shina dariya, wai Mu'azu, an sai da motar ne ko an kore ka? Wallahi madubinsa ga shi nan, ina jin ɗumin injin a ƙafata. Na ɗaga hannu in ce masa matsa can, keke ya ce bai san zancen ba. Da ƙyar na tare. Shi kuwa ya wuce shina ta hon, a wurinsa wasa munka yi. Bayansa Mubarak, shi har hannu ya miƙo wai mu tafa. Duk wanda ya san ni sai ya shigo. Wanda bai san ni ba ne kaɗai ya raga mini."

A daidai kwalbatin nan wani abokinsa ya sake matso shi. Ya nemi inda zai kauce, babu, sai gaɓa. Ya diro da ƙafa biyu cikin taɓo, keken ya kwanta. Da ya ɗago sai ya tsaya yana kallon wurin. Kowa ya gaya masa a kwalbati Baba ya faɗi, da safe, ranar da aka kwana ana ruwa. Shi kuma ya san inda ya gaishe shi a wannan safiyar.

"Sai ƙarar nan ta dawo mini a kunne. Ƙwas. Na duba ƙasa, ko tsakuwa ɗaya babu a wurin, taɓo ne zalla."

Bai ƙarasa Tsafe ba. Ya juyo da keken, bai sake hawa ba, turo shi ya yi da ƙafa har Kucheri. Ya tarar da Labbo bai je ko'ina ba, yana zaune yana shan fura. Ya jingine keken a waje, ya cire takalman da suka zama laka, ya durƙusa can nesa da inda ya saba. Ya kasa fuskantar surukinsa, sai ya juya ga Labbo.

"Baba Labbo, a ce wa Baba keken nan ba na sayarwa ba ne."

Labbo ya juya ga Ɗantsoho, wanda ke zaune kusa da shi har gwiwarsu na gogayya. "Ka ji, wai ba na sayarwa ba ne."

"Ce masa na ji."

"A ce masa ba jiri ba ne. Mota ce ta matse shi. Kuma na san direban."

Ɗantsoho ya ɗauki ludayi ya juya furar da ba tasa ba. "Ce masa ni ban ga direba ba. Yaro na gani mai ladabi, ya gaishe ni, na amsa."

"To ni kun mai da ni wayar salula," in ji Labbo. "Ga ku ga juna."

Babu wanda ya yi dariya, domin labule ya motsa. Shafa'atu tana tsaye a bayansa tun shigowar Mu'azu. Abin da Ɗantsoho ya yi ta gudu ke nan, zauren ya yi tsit ana jiran ta fara.

"Malam, wata guda ina dafa maka ganyen hawan jini kana sha kana yamutsa fuska, ashe lahiyarka lau?"

"Ai bai yi mini illa ba."

"Kai kuma Mu'azu, tashi ka wanke ƙafarka, ka ɓata mini tabarma. Keken a shigo da shi, a jingine inda ya saba."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Bara'atu daga bakin mijinta ta ji labarin, ba daga bakin uwarta ba, abin da Labbo ya ce shi ne babban abin mamaki a cikin al'amarin duka.

Mu'azu bai tsaya nan ba. Kafin ya koma Gusau ya je ƙofar gidan Alhaji Isah ya yi sallama, ya faɗi abin da ya faru a gaban mutanen da ke zaune, bai rage komai ba, ya roƙa a shigar da maganar wurin Inna Hussaina. Washegari ya maimaita a tasha. Direbobi suka so su mai da abin tsokana, sai Labbo ya hau kan benci ya miƙe hannuwansa biyu iyakar tsawonsu.

"Kun ga wannan? Gaba guda. In za ku wuce mai keke, ko wane ne, ku bar masa wannan tsakaninsa da madubinku. In babu fili, mota na tahowa, ku bi bayansa a hankali har ta wuce, ba a haihuwa cikin motarku. Kuma bawana ya aiko ni. Ya ce ya yafe gaisuwa bisa kwalta. Wanda ya buɗe ya ba shi hanya ya gaishe shi, ya kuma amsa. Mai son ina kwana da ina gajiya ya san rumfarsa, ya zo a aske masa wannan ƙazamin kan."

Shehu ya ce, "To in mun wuce ba mu yi magana ba, ba ya cewa mun yi girman kai?"

"Kai da shi ya yi maka kaciya, wane girman kai ya rage maka a gabansa?"

Ba zan ce kowa ya ji ba. Akwai waɗanda har yanzu jikinsu ke kwantawa dama da sun hango farar hularsa, sai sun tuna su fizge. Baƙin direbobi kuwa da masu babur ba su san an yi taron ba. Gidan da ya ɗauko wanzamin Tsafe ma bai dawo ba, sun ce sun riga sun saba.

Matar Alhaji Isah ta sauka, namiji. Har ana jibi suna babu wanda ya zo, Ɗantsoho yana ta wasa askar da ba ta bukatar wasawa. Ana gobe sai ga aike: Inna Hussaina ta ce ya zo da wuri.

Ya je a kan kekensa, ya jingine shi inda duk mai shiga zai gani. Bayan an raɗa suna an watse aka shigar da shi tsakar gida. Tsohuwar tana zaune a kan tabarma can ƙarshen gidan, jaririn a cinyarta, mata sun kewaye ta. Tun yana bakin ƙofa ta sa aka tare shi da ƙwaryar ruwan aski, an cika ta fal har baki.

"Ɗantsoho, taho mini da ruwan nan da kanka, 'yan matan nan ɓari gare su."

Ya san abin da ake nufi, matan ma sun sani, hira ta tsaya. Ya karɓi ƙwaryar da hannun dama, hannun kafaɗar da ta karye. Ya ratsa tsakar gidan, ya kauce wa turmi, ya tsallake wata akuya da ta ƙi tashi, ya durƙusa ya ajiye a gabanta. Inna Hussaina ba fuskarsa take kallo ba, ƙasan da ya biyo take bi da ido, ta ga a bushe yake. Ta gyara wa jaririn kwanciya, ta juyo da kansa wajen wanzamin.

Ya ɓare sabuwar reza a gabanta, ya jiƙa gashin, ya yi bisimilla.

"A hankali wajen maɗiga," in ji ta.

"Inna, uban nasa ma ni na aske shi a cinyar nan taki, kuma kansa ya fi wannan kwana-kwana."

"Rufe mini baki ka yi aikinka," ta ce, tana danne dariya. Gashin farko ya sauka a kan farin ƙyalle, wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa.